Wardin Baba Gudaji

"Tayyiba! Ki zo ki fitar da ɓarauniyarki kafin in sa a yanka ta!"

Da hannuna duk ƙullun ƙosai na yi waje, ko takalmi ban tsaya sakawa ba. Na tarar da Kyalla, akuyata, ta tura kai ta ƙofar langalangar maƙwabcinmu Baba Gudaji, saura taku biyu ta kai ga tukunyar da ya fi ƙauna a duniya. Shi kuwa yana kwance kan tabarma a inuwar rumfa, yana ɗaga sandarsa yana kaɗa iska, don ƙafafun sun daina ɗaukarsa tun azumi.

"Baba, ka yi haƙuri," na ce ina jan ta da kunne. "Ai gaisuwa ta zo yi."

"Gaisuwa da haƙori? Ki duba can, ki duba da kyau."

Na duba. A kan wani siririn reshe mai ƙaya akwai ɗan ƙullutu kore, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan muna jin labarin furen wardin nan, ban taɓa ganin ya yi komai ba sai ganye da ƙaya.

Baba Gudaji ya yi shekara talatin yana aikin lambun fulawa a wani otal a Jos. Da ya bar aiki ya dawo Gumel, mutane suka zuba ido su ga ko zai sayi shanu ko ya buɗe shago. Sai ga shi da buhun iri da wani ɗan reshen wardi a gwangwanin madara. Ya cika tsakar gidansa da abin da ba a ci: kariya mai jan fure, lalle da ya hana a tsinka don ƙanshin furensa, da wata mai hawa katanga da furenta kamar takarda. Duk sun kama. Wardin ne kaɗai, ɗan garin sanyi, ya ƙi sabawa da ranarmu. Ni da Baba kuwa mun yi faɗa a kan Kyalla da uwarta da kakarta, har mai unguwa ya gaji da mu.

"Furensa ja ne, jawur," in ji shi, yana haki. "Wanda ya ba ni ya rantse. In na gan shi da idona, to Alhamdulillahi, sai in tafi."

"Ina za ka, Baba? Kai da za ka binne mu duka."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. 'Yarsa Ummukulsum, wadda ta baro ɗakinta a Maigatari don jinyarsa, ta raka ni ƙofa. A nan ta faɗa mini abin da likita ya ce, ta kuma faɗa mini damuwarta. Bazara ce, famfon unguwa ya kwana goma bai zubo ba. Duk shekarun nan da ruwan alwalarsa yake raya wardin, sau biyar a rana yana tsugunawa a gindinsa da butarsa. Yanzu taimama yake yi a kwance.

Na koma gida raina a jagule. Na ɗaure Kyalla a turke da igiya biyu, sannan na tare maigidana Malam Yazid yana shirin fita masallaci.

"Malam, wannan alwalar da kuke yi a bakin kwata, ruwan ina yake zuwa?"

"Kwata mana. Wace irin tambaya ce wannan?"

"To daga yau gidan Baba Gudaji za ta."

Ya dube ni kamar na zare, amma da la'asar na leƙa ta saman katanga na ga maza huɗu a layi, kowa da butarsa. Washegari suka zama tara, har da liman da wani saurayin unguwa, Anas. Baba na kwance yana ba da umarni kamar wani sajan.

"Anas, a gindi ake zubawa, ba a ka ba! Alaramma, ka rage, za ka ruɓar mini da saiwa!"

"Gudaji," in ji liman, "shekara arba'in ina alwala, yau ne aka fara yi mini gyara."

Da ruwan ya yi wa wardin yawa, sai aka raba mutane. Masu asuba da magariba na wardi, saura na kariya da lalle. Mu mata muka riƙa tara namu a roba muna miƙawa ta katanga. Ni na cire zanan bayan ɗakina na kai aka kare tukunyar daga ranar yamma. Kyalla kuwa ta kwana tara a ɗaure tana kuka kamar an yi mata mutuwa, ni ma ban ji tausayinta ba ko kaɗan.

Ƙullutun yana kumbura, Baba yana ramewa. Kullum da safe sai in auna su biyun da ido. Ranar Laraba ya daina cin abinci sai kunu cokali uku. Ranar Alhamis bai yi wa kowa faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Ranar Juma'a da hantsi ina shara na ji Ummukulsum tana kiran sunana da wata murya. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na shiga ina salati, sai na tarar da ita tsaye tana dariya da hawaye, tana nuna tukunya.

Furen ya buɗe. Bai kai tafin hannun jariri ba, kuma fari ne fat kamar auduga.

Malam Yazid da Anas suka ɗauko tukunyar a hankali suka ajiye dab da kan Baba. Ya buɗe ido, ya daɗe yana kallo.

"Fari?" ya ce. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. "Shekara goma sha ɗaya ina cika wa mutane baki da ja! Kai, Allah Ya yafe wa mutumin nan."

Muka tuntsire da dariya gaba ɗaya, har liman da ya shigo yana tambayar lafiya. Baba ya sa aka matso da furen hancinsa, ya shaƙa, ya lumshe ido.

"Haka safiyar Jos take," ya ce. Can kuma ya neme ni da ido. "Tayyiba, ranar nan ba za ta bar shi ya wuce kwana uku ba. In ya zube, ki kwashe ki kai wa ɓarauniyarki. Ta yi haƙuri, a ba ta ladanta."

Unguwa kaf ta zo kallo ran nan, har da matan da ba su taɓa taka gidan ba. Baba ya sha kunu rabin kofi, ya yi wa Anas faɗa sau biyu. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin haka ba, kuma ina gode wa Allah da na gani.

Ranar Lahadi bayan sallar asuba ya cika, Ummukulsum na riƙe da hannunsa. Na yi kuka sosai, ni da na sha cewa tsohon nan zai kashe ni da mita.

Da aka dawo daga maƙabarta na je gindin tukunyar. Furen ya zube a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na tsince shi ɗaya bayan ɗaya a gefen mayafina, na koma gida na kwance Kyalla. Ta shinshina tafin hannuna, ta lashe shi tas, ta ɗago kai tana neman ƙari.

Aka kira la'asar. Ta bayan katanga na ji ƙarar ƙofar langalanga, sannan na ji ruwan buta yana zuba a hankali, a gindi.