Hoton Amira a Bakin Lungu

Duk matan unguwar Jega Firchin sun san babu wadda ta kai Iklima tsayawa kan maganar gidan tarihi. Tun ranar da yayanta Bashar, sakataren kwamiti, ya ce matasa sun samu wani tsohon shago za su gyara don ajiye kayan kakanni kafin gara da 'yan gwangwan su ƙarasa su, ta ɗauki abin kamar bikin gidansu. Da goyon Khalil a baya ta bi gida-gida tana lallashin tsofaffi su fito da akushi da tasa da mazari. Ranar da mata suka yi nasu taron gudunmawa, ita ta wuni a bakin tanda tana suyar masa.

Ana cikin haka ɗiyarta Amira, 'yar shekara shida, ta faɗo daga amalanken albasa ta karye a cinya. Bashar ne ya samo mota ya kai su Aliero, wurin wani dattijo mai ɗori. Dattijon na jan ƙafar yana jera kara, yarinyar na ihu, Iklima ta danne kafaɗunta ta kawar da kai. Can ta ga yayanta ya ɗaga waya.

"Yaya, mi kake yi haka?"

"Hannun Baba nake ɗauka, da karan. Wagga sana'a in ba a aje ta ba ɓacewa za ta yi. Fuska ba ta fitowa."

"Zanenta a ɗage yake fa."

"Haba Iklima. Ni ma ai ɗiyata ce."

Ta ƙyale shi. Ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma lokacin hankalinta na kan ƙafar.

Ɗori ya kama. Ranar da aka kwance kara, dattijon ya dubi Iklima, ba mijinta Ya'ƙub ba, ya ce, "Ƙashi ya haɗe, saura jijiya. Ta riƙa takawa safe da yamma, ko tana kuka. In kuka bari ta zauna ƙafar za ta ƙage, in kuwa ta ƙage ba ni da abin da zan yi mata."

Tsakar gidansu ba ta fi shimfiɗar tabarma ba, saboda haka Iklima ta mai da hanyar Islamiyya magani. Kullum su fito, Amira da 'yar sandarta, su bi lungu har bakin titi, su dawo. Da fari ana tafiya ana hawaye. Daga baya yarinyar ta fara mance sandar a zaure, uwar kuwa ta yi kamar ba ta gani ba.

Wata safiya suka iso bakin lungu suka tarar yara sun yi cincirindo suna kallon bango. Fasta ce aka manna, girman ƙyauren ɗaki. Hannun dattijon yana can gefe, da ƙyar ake ganinsa. Abin da ya cika takardar fuskar Amira ce, baki buɗe, majina da hawaye sun haɗu, cinyarta a waje. A ƙasa an rubuta kiran a zo a taimaka a ceto tarihin gari.

Wata yarinya ta waiwayo, ta wangale baki irin na hoton. Sauran suka kwashe da dariya.

"Amira, yi mana irin na bango."

Amira ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta saki hannun uwarta ta zauna a ƙasa. Haka Iklima ta ciccibe ta, goyo a baya, ɗiya a gaba, har gida.

Daga ranar Amira ta ƙi wuce zaure. Lallashi bai yi ba, alewa ba ta yi ba, tsawa ma da Iklima ba ta saba yi ba ta gwada. Ko bayan gida da jan gindi take zuwa. Kullum da yamma uwar ta narka man shanu ta murza ƙafar, kuma kullum tana jin gwiwar na ƙara yi mata gardama a hannu.

Iklima ta saka hijabi ta tafi shagon. Ta sami Bashar yana jera kujerun haya.

"Yaya, cewa ka yi fuska ba ta fitowa."

"Zauna mana, a kawo miki ruwa."

"Ban zo shan ruwa ba."

Ya ajiye kujerar da ke hannunsa. Ya ce sun fara buga fasta da hoton akushi da tulu, ko akuya ba ta tsaya kallo ba. Amma tunda aka manna wannan, daga Maiyama ake kiran wayarsa, 'yan kasuwar albasa na Aliero sun ce za su zo da kansu. "Ke ma kin san halin mutanenmu. Ba mai buɗe aljihu don tsohon akushi. Ke ce fa kika fi kowa son wanga aiki ya tsaya."

"Na ji. Bar na Maiyama, bar na Aliero. Na lungunmu kaɗai ka cire, yarinya ta samu hanya. Ƙafarta na ƙagewa, Yaya."

"Nan ne manyan baƙi za su bi. A yi ƙaddamarwa, da hannuna zan ɓare shi." Ya sosa ƙeya. "Kuma kada ki ce na yi gaban kaina. Sai da na tambayi ubanta."

Iklima ta gyara goyon da bai kwance ba.

"Ya ga hoton?"

"Shi ya zaɓi wanga. Ya ce mai kukan ya fi shiga rai. Bai gaya miki ba? Ranar ma ita za ta tako gaban babban mai ƙaddamarwa ta miƙa masa karan ɗori, jama'a su ga yadda ta warke."

Ta koma gida ta tarar Ya'ƙub ya dawo daga kasuwa yana cin tuwo. Kusa da shi ga leda, sabuwar riga ce ta yara da takalmi mai walƙiya.

"Malam, ashe da kai aka yi."

Bai ɗago ba. "Yaro mantuwa gare shi. Gobe kin ga ta ware." Ya suɗe yatsa. "Alhajin da zai ƙaddamar shi ke lodin albasa zuwa kudu. In ya riƙe fuskata, tawa albasar ba ta sake ruɓewa a rumbu. Don wa nake yi in ba don su ba?"

"Rabon da ta taka ka sani?"

"In ta ga mutane za ta taka."

Abin da ya fi ci mata rai, mutumin nan shi ya riƙa ɗaukar yarinyar a kafaɗa lokacin jinya, yana yi mata wasa har ta yi barci. Ya san kukan da ke cikin hoton, a gabansa aka yi shi.

Da la'asar ta ɗauki wuƙar yankan kuɓewa ta fita, maza na zaune a majalisa suna kallonta, ta kankare fastar tas. Washegari da ta leƙo, sabuwa ce a wurin, ruwan sitaci bai ko bushe ba.

Ranar ƙaddamarwa Ya'ƙub ya fita da wuri cikin babbar riga, ya ce ta shirya yarinya, za a turo mota. Daga tsakar gida ana jin lasifika na gwaji. Iklima ta zuba 'yan kayan yara da kwalbar man shanu a jaka, ta bar ledar sabuwar riga inda ya ajiye ta. Tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa fita ba izini ba. Ta tsaya a zaure ta yi bisimilla, ta tare mai keke. Da za su wuce bakin lungu ta ja hijabinta ta lulluɓe Amira har ƙafa.

A ƙauyen Gehuru, Goggo Yalwa, ƙanwar mahaifinsu, tana sheƙar gero suka yi sallama. Ta saurari labarin ba ta ajiye ƙwarya ba.

"Bashar ɗin? Wanda ya yi fitsarin kwance har ya fara azumi? Da na san ana manna irin wanga a bango, da tuni nasa na kasuwar Jega." Ta nuna ƙofar baya da haɓa. "Kai ta fadama. Ba kowa sai balbela."

Iklima ta miƙa mata Khalil, ta ɗauki Amira har bakin gonar albasa, ta tsayar da ita kan kunya. Yarinyar ta ƙanƙame zanenta.

"Inna, akwai bango can gaba?"

"Babu. Dubi da kanki."

Wayarta ta yi ƙara. Bashar ne, bayansa hayaniyar taro da muryar mai gabatarwa.

"Kuna ina? Mota ta je gida ba kowa. Alhaji ya zauna, kowa ita yake jira."

"Kuna da hotonta, Yaya. Ku ce ya tako."

Ta kashe wayar, ta ɓamɓare yatsun Amira daga zanenta a hankali, ta ja da baya ta durƙusa ta miƙa hannu biyu. Yarinyar ta duba gabas ta duba yamma, ba ta ga kowa ba. Ta jefa ƙafa mai lafiyar, sannan ta jawo ɗayar. Gwiwar ba ta miƙe ba, diddigen bai taɓa ƙasa ba. Iklima ta gani sarai, ta ƙara ja da baya.

"Madalla. Sake."