Kaskon Nabatawa

Saƙon ya iske Salihu ne da safe, yana tsaye a bakin titin Huanshi a birnin Guangzhou na ƙasar China yana jiran danja ta ba da hannu. Muryar Inna ce, mahaifiyarsa, a wayar ƙanwarsa Rekiya, kuma tun daga sallamar ya san ba lafiya ba. Inna ba ta son doguwar magana a waya, amma ranar sai da ta cika minti biyu.

"Abin da ka aiko na gani," in ji ta. "Na juya shi gaba da baya. Wannan ai gidan Samudawa ne. Da muka je aikin Hajji malaminmu ya nuna mana hoton irinsa, ya ce Manzon Allah da ya biyo ta wurin rufe fuskarsa ya yi, ya sa aka yi sauri aka wuce. Kai da ubanka ya raɗa maka sunan Annabi Salihu, kai ne za ka kwaso gidajen mutanen da suka soke taguwarsa ka raba wa matan Kano? To ka ji ni da kyau. In kayan nan suka shigo garin nan ban yarda ba, kuma ba da albarkata ba."

Danja ta ba da hannu, jama'a suka tsallaka, shi ko motsi bai yi ba.

Abin da ake magana a kai kaskon turare ne na tangaran, ja-ja, mai siffar fuskar gini da aka sassaƙa a jikin dutse, ga ginshiƙai sama da ƙasa, ga ƙofa a tsakiya. Ƙofar jawo ta ake yi kamar durowa, a zuba garwashi a ɗan farantin ƙarfen da ke ciki, a barbaɗa turaren wuta, hayaƙi ya riƙa fitowa ta tsakanin ginshiƙan. Shekara tara Salihu yana sayayya a Guangzhou, abaya da mayafai daga manyan shagunan Guangyuan, kullum yana bayan wani, abin da kowa ya kai kasuwar Kwari shi ma shi zai kai. Wannan ne karon farko da ya ga abin da ba wanda ya riga shi gani. Ya rufe ido ya sa aka yi masa dubu uku, ya aika wa Inna guda ɗaya ta hannun wani mai komawa gida don ta sa albarka. Sauran suna jibge a sito, gobe da hantsi za a loda su a kwantena.

Wani zai ce ya loda kayansa mana, tsohuwa ce, za ta huce. Mai faɗin haka bai san Inna ba, bai kuma san Salihu ba. Matar da ta riƙe su su biyar da ƙosai da kunu bayan rasuwar ubansu, in ta ce ba da albarkarta ba, to ko zinariya ce a kwalayen nan sai dai ta ruɓe a China. Tsoro ya kama shi sosai, ba na asarar kaɗai ba. Idan fa gaskiyar Inna ce?

Ya shiga jirgin ƙasa ya nufi unguwar Liwan, shagon Madam Lin, wadda masana'antar mijinta ta yi kaskon. Tana ganin fuskarsa ta zaci kaya ne suka fashe, ta fara ɗaga hannuwa tana rantse-rantse da yarensu. Da ƙyar ya samu ta tsaya, ya yi magana a waya, waya ta fassara mata: wannan ginin a ina yake, kuma na su wa ne?

Sai ta washe baki. Ta laluba wayarta ta miƙo masa hoto. Ita ce a kan raƙumi, da jan gyale, ta ɗaga yatsu biyu, ga ginin a bayanta ya tokare sama. Yawon buɗe ido suka je Jordan, in ji ta, ita da ƙawayenta. Wurin ya burge ta, shi ne ta ba mai zanen masana'anta hoton.

"Su wa suka gina?"

Ta ɗaga kafaɗa. Mutanen da ne dai, tsofaffi ƙwarai.

"In na fasa, za ki karɓi kayan?"

Wannan kam bai buƙaci fassara ba. "Meyo, lawban," ta ce, wato babu, maigida. Ta zuba masa shayi a ɗan kofin nan nasu da ba ya cika maƙogwaro, ya shanye don kunya, ya fito.

Daga nan sai ofishin Alhaji Wahab a unguwar Xiaobei, hawa na tara, don ya ce masa a dakata da lodi. Alhaji Wahab ɗan zangon Kumasi ne, shi ke yi wa Salihu jigilar kaya tun zuwansa, dattijo mai son hira kamar me. Hausarsa irin ta zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Mamanka ya ce mene?" ya tambaya, bayan Salihu ya zayyana masa komai. Ya karɓi samfurin kaskon daga jakar Salihu, ya gyara tabarau, sai ya kwashe da dariya har da dukan tebur. Ran Salihu ya ɓaci. Mutum na cikin tashin hankali ana yi masa dariya.

"Yi haƙuri, ɗana. Shekara shida na yi aiki a tashar jirgin ruwa ta Aƙaba a can Jordan kafin in zo nan. Wannan wurin na kai baƙi ya fi sau goma. Petra ke nan. Ba Samudawa ba ne, Nabatawa ne."

"Su wane ne kuma haka?"

"'Yan kasuwa, irina da irinka."

Ya jawo kujera ya zauna sosai, Salihu ya san an shiga dogon zance, amma yau yana so. Larabawan hamada ne, in ji Alhaji Wahab, wajen shekara dubu biyu da suka wuce. Kayan turare, lubban da mur, suke ɗaukowa daga kudancin ƙasar Larabawa a kan raƙuma, su ratsa hamada wata da watanni, su kai bakin teku a Gaza, daga nan a wuce da shi ƙasashen Rumawa. Abin da ya ba su hanyar ba takobi ba ne, ruwa ne. Sai su haƙa rami mai faɗin ciki da ƙaramin baki, su shafe shi, ruwan sama ya taru, su rufe bakin su baje ƙasa a kai, su sa alamar da su kaɗai suka sani. Baƙo zai taka ta kan ruwa ƙishirwa na kashe shi. Da suka yi arziki suka sassaƙa birni a cikin duwatsu. Har rubutun Larabcin nan da muke karatu da shi, masana sun ce daga nasu ya samo asali.

"Samudawa fa?"

"Su an hallaka su tun kafin nan da nisa, kuma wurin da malamin mamanka ya nuna a ƙasar Saudiyya yake, tafiya ce mai tsawo daga wannan. Sassaƙar ta yi kama, ban ga laifinsa ba. Nabatawa kuwa ba tsawa ce ta ci su ba. Rumawa suka karɓe ƙasar, kaya kuma suka koma bin jirgin ruwa, kasuwa ta mutu a hankali. Masu irin aikina ne suka kashe su."

Salihu ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya yi hamdala a fili, har ya fara laluben waya. Sai dattijon ya ƙara da abin da ba a tambaye shi ba, don shi bakinsa ba ya da burki.

"Amma fa ba gida ba ne. Yawancin masana sun ce kabarin wani sarkinsu ne."

"Kabari?"

"Haka suka ce. Kai dai ba sai ka faɗa ba. Mamanka ya tambaye ka Samudawa, ka ba shi amsar Samudawa."

Sai ƙarfe uku na rana gari zai waye sosai a Kano, Inna ta gama lazimi ta karya. Salihu ya yi sallar azahar, ya zauna a matattakalar bene yana jira, yana saƙawa yana kwancewa. Shawarar Alhaji Wahab ba ƙarya ba ce, ai ba a tambaye shi ba. Sau uku yana tsara yadda zai yi maganar ya tsallake wurin, sau uku yana jin kunyar kansa.

Da lokaci ya yi ya kira, Rekiya ce ta ɗauka, ta miƙa wa Inna. Ya gaishe ta, ta amsa a daƙile. Ya fara bayani yana haɗa kalmomi, Jordan ce ba Saudiyya ba, Nabatawa ne ba Samudawa ba. Sai da ya zo kan raƙuma da lubban da rijiyoyin ɓoye ya ji ta gyara zama.

"Rufe bakin rijiyar suke yi?"

"Su baje ƙasa a kai, Inna."

"To ai fatake ne," ta ce, muryarta ta saki. "Kakana da ke zuwa Gwanja sayen goro, ko ɗan cikinsa bai gaya wa mashayar da yake sauka ba sai da ya ga ƙarfinsa ya ƙare. Ashe masu neman halaliyarsu ne na ɗora musu laifin wasu. Allah ya yafe mini. Wa ya gaya maka duk wannan?"

"Alhaji Wahab, ya zauna a ƙasar."

"To shi ke nan, na janye."

Da ya yi shiru a nan, da an gama. Ya runtse ido.

"Inna, akwai saura. An ce ginin ba gida ba ne. Kabarin sarkinsu ne."

Can ya ji tana ce wa Rekiya ta miƙo mata abin nan daga kan kabad. Ya ji ƙarar durowar tangaran, an jawo, an mayar, an sake jawowa.

"Nan ake zuba garwashin?"

"Nan ne."

"A cikin kabarin."

Sai yanzu Salihu ya kalli abin da idon Inna. Kabari, wuta a ciki, hayaƙi na fita ta sama, a tsakar ɗakin amarya. Shi da Madam Lin da mai zanenta ba wanda ya hango haka, amma duk macen da ta taɓa zama wa'azi a Kano kallo ɗaya za ta yi ta ce a'uzubillahi.

"Ba a zuba wa mutum wuta a kabari," in ji Inna, "ko wane ne shi. Ba mu san abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ba." Ta sake jan durowar. "Wannan farantin ƙarfen, fita yake yi?"

"Yana fita. Ɗorawa kawai aka yi."

"Ga shi ma na cire. Rekiya, kawo min turaren nan na Maiduguri." Aka ɗan jima. "Ka ga, ya ci kusan rabin kwalba, kuma in an rufe ƙamshin ba ya gudu sosai. Su ba turare suke sayarwa ba? To a ajiye musu turare. Ka cire farantan nan duka tun daga can, kar ka bar ko ɗaya, don na san halin mutanenmu. Ka sa a rubuta a kwalin ma'ajiyar turare ce. Kaskon wuta kowace mace tana da nata, abin da ba ta da shi wurin ajiya ne mai kyau da za ta ɗora a gaban madubi."

Daɗi ne ya cika Salihu, har idonsa ya kawo ruwa, yana zaune a matattakala 'yan China na ratsa shi da kwalaye.

"Kana ji na?"

"Ina ji, Inna."

"Da ka ɓoye min maganar kabarin nan na zo na ji a bakin wani, wannan ne da ba zan yafe ba. Allah ya yi maka albarka, ya sa a sayar lafiya."

Ya ce amin ya fi sau biyar, har bayan ta miƙa wa Rekiya wayar. Ya share fuska da hannun riga, ya tura ƙofar ofis. Alhaji Wahab ya ɗago kai daga takardunsa.

"Ya yarda?"

"Ta yarda. A loda gobe, amma sai na buɗe kwalayen duka yau."

"Duka dubu ukun? Ka faɗa masa ke nan."

"Na faɗa mata," Salihu ya ce. "Ara mini wuƙar yanka salatif, Alhaji, in kama hanyar sito."