Littafin da Dunoma Ya Zo da Shi Hutu

Tun ranar da Dunoma ya sauko daga motar Nguru na lura maigidana yana yi masa wani irin kallo. Dunoma ɗan ƙanen maigidan ne, amma ni na goya shi, ni na raine shi. Ubansa Modu ruwa ne ya ci shi a kogin nan namu na Gashuwa, ranar da suka fita shi da maigidan a kwalekwale ɗaya, uwarsa kuma ba ta ga kakar shekarar ba. Ni ban taɓa haihuwa ba. Dunoma nawa ne, wanda ya ce ba haka ba ya zo mu yi ta.

Lokacin Turawa ba su tafi ba. Yaron yana kwaleji a Zariya, saura shekara guda ya gama, sai ga shi da wani littafin Turanci mai koren bango. Wai malaminsu Bature ya ce su karance shi kafin su koma. Ina tankaɗe na ce ya ba ni labarin.

Ya ce, "Inna, ai babu labari. Sabon salo ne. Mutum ne kawai a tsaye, ana bin abin da ke zuwa masa a rai, wannan tunani ya zo, wancan ya katse shi."

"To wa ya yi nasara?"

"Babu kowa."

"Kai, tafi can! Zaman banza ne aka ɗinke da zare."

Ya yi dariya. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Ashe Baturen ya ce musu su riƙa lura da mutane, su gane yadda tunani ke yawo. Sai yaron nan ya bi mu da tambaya kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Ni ya tambaye ni me nake tunani in ina daka, na ce ina tunanin ranar da zai karɓi taɓaryar. Amma da ya je wajen maigidan, wanda 'yan kasuwa ke kira Ajimi mai banda, yana juya kifi a kan wuta, ya ce masa, "Baffa, in ka yi shiru haka, ina zuciyarka take zuwa?", sai mutumin ya ajiye abin da ke hannunsa ya shigo gida fuska a murtuke.

Ya ce mini, "Fanne, yaron nan aiko shi aka yi. Ina ruwan Bature da cikin mutane? Wani ya kai magana, shi ne aka sa shi ya bugi cikina."

"Wace magana, Malam?"

Ya ce dai Zariya ta ƙare. Dunoma zai zauna ya riƙa raka kwandunan banda zuwa tashar jirgi a Nguru, shi ke nan.

Wallahi raina ya ɓaci. Shekarun da yaron ya kwashe yana karatu, a zubar saboda tambaya ɗaya? Na yi magiya, na yi faɗa, har na fasa masaki, ban ji kunya ba. Mutumin nan ko gezau. In Dunoma ya shigo sai ya yi shiru, in ya fita sai ya leƙa ya ga wa ya tsaya da shi. Da na ga hutu na ƙarewa, na ce, "To ga littafin nan, ba aljani ba ne. A karanta maka da Hausa ka ji shirmen da ke ciki da kunnenka."

Ya yarda. Bayan la'asar muka zauna a tsakar gida. Ya ce ba Dunoma ne zai zaɓi wurin ba, kada a yi masa wayo. Da kansa ya cusa yatsa a tsakiyar littafin ya buɗe.

Dunoma ya fara, yana karantawa yana juyawa. Wani mutum ne a bakin ruwa a can ƙasarsu, ɗan'uwansa ya faɗa ciki. Yana ganin hannun yana fitowa yana komawa. Ya san ya kamata ya yi tsalle. Amma sai ya tuna rigarsa sabuwa ce, sai ya tuna uwarsu kullum wancan take fara zuba wa abinci, sai ya ga wani tsuntsu ya wuce, sai ya ce a ransa bari in ɗan jira kaɗan, ai ya iya iyo, kaɗan kawai.

Ni har na buɗe baki zan ce kun ji shirmen, sai na ji muryar maigidan, ƙasa-ƙasa, kamar ba tasa ba.

"Wa ya gaya masa?"

Dunoma ya ɗago kai. "Wa, Baffa?"

"Baturen! Babu kowa a wurin. Na duba gaɓa duka biyu, babu kowa. Wa ya gaya masa?"

Yaron ya ce a hankali, "Baffa, an buga littafin nan kafin a haife ni."

Na dubi mutumin da na yi shekara da shekaru ina dafa wa tuwo, ya kasa dubana. Dunoma ya rufe littafin, ya daɗe yana kallon baffansa, sannan ya tashi ya shiga ɗaki.

Da safe maigidan da kansa ya fito da akwatin yaron, ya ɗora a motar Nguru, alhali saura kwanaki a koma makaranta. Abin da na yi ta faɗa a kai na samu ke nan. Na bi shi har Nguru, har bakin jirgi. Na ce, "Sai hutu mai zuwa ko?" Ya riƙe hannuna ya ce, "Inna, ki kula da kanki."

Ya gama kwaleji, ya ci jarrabawa, har aiki ya samu a can. Gashuwa dai bai sake takowa ba. Ni kuwa a ranar na koma gida, don akwai tuwon da zan tuƙa.