Turmin da Aka Fesa wa Shuɗi

Sha'aibu ɗan Yari, kai ka kashe mini ɗa. Ban ce ka ɗauki wuƙa ba, ban ce ka so mutuwarshi ba. Na ce kai ka kashe shi, kuma wata bakwai ke nan kana yawo cikin Kaura kana gaya wa mutane wai gaggawarshi ta ja mashi. Karima matarshi ke rubuta wannan, ni ko alif ban sani ba, amma na ce mata kada ta gyara mini kalma ko ɗaya.

Sufyanu. Ka ji na faɗa. Shekara talatin da huɗu ban taɓa kiran sunan nan ba, don shi ne ɗana na fari. "Wancan" nake ce mashi, ko "mai guduma". Yau na aje kunyar, ba ta amfane ni da komai ba.

Bari in tuna maka, tunda ka ƙware a mantuwa.

Kai ɗan ƙanena ne, shi ɗana, taubasai ke nan. Tare kuka buɗe garejin nan na bayan tsohuwar tashar jirgi. Sana'arku tada matattun motoci: wadda ta shekara a bayan gida kaji na ƙwai a cikinta, wadda ta faɗa rami a hanyar Zurmi, ku jawo ta ku mayar da ita kan titi. Shi ke shiga ƙarƙashi, inji da giya da ƙafafu duk nashi ne. Kai ke da bodi, ka buga, ka cike, ka goge. Kayan aikinku kuwa abin tausayi: jak guda mai yoyon mai, da tsofaffin rim da duwatsu da kuke tokare mota da su.

Da na ga ɓarayin daji sun kwashe shanun maƙwabta, na ce gara in sayar da sana da hannuna kafin su riga ni. Na sayar, na ce kuɗin na gareji ne, ku sayi kayan aiki. Kuɗin sa ɗaya ne, ba za su sayi komai da komai ba. Dole a zaɓa.

Sufyanu ya zo nan ƙauyenmu Ɗan Isa ranar Juma'a. Ya san ba na karatu, sai ya ɗauki gawayi a murhu ya tsaya a bangon ɗakina ya zana mini, daga sama zuwa ƙasa. Can sama ya zana wasu abubuwa huɗu masu ƙafa uku-uku kamar duwatsun murhu.

"Inna, waɗannan su ne na farko. Ƙafafun ƙarfe ne, a ɗora mota a kansu, ko giwa ta hau ba ta motsi. Sai babban jak. Sai sarƙar ɗaga inji, ga ta nan. Kuɗin za su kai nan su tsaya. In mun tada mota biyu, sai injin walda. Na ƙasan nan injin feshin fenti ne, shi ne na ƙarshe. Kafin nan sai mu riƙa kai wa masu feshi suna yi mana."

Ban dubi fuskarshi ba. Bangon na duba na ce, "To, Allah ya taimaka." Iyakar abin da na ce ke nan.

Washegari kuka zo kai da ubanka. Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiya, kai ka fara da dariya.

"Gwaggo, kin ji matsoracin ɗanki? Wai kujeru zai saya ma motoci su zauna! Wa ya taɓa zuwa gareji don ya ga abin tokara? Mai mota ƙyalli yake nema. Ranar da muka aje injin feshi, har daga Shinkafi za a riƙa turo mana aiki."

Sufyanu ya ce maka, "Kai bawana, kai kana tsaye kana shafa kamar mai yi wa amarya lalle. Ni ke kwance ƙasa, ni na san abin da ke bisa ƙirjina."

"Shekara nawa kana kwanciyar, mi ya same ka? In tsoro kake ji sayo maka zane zan yi ka zauna gida."

Aka yi dariya, har ubanka. Wasan taubasai ne, ba a fushi da shi. Da wasan nan ka danne maganarshi, duk sanda ya buɗe baki ka mayar da ita abin dariya. Ƙarshe Yari ya juyo ya ce, "Yaya, san naki ne, ke za ki raba."

Nan ne nawa laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na san ɗana ke da gaskiya, zanen yana bayana a bango. Amma yaya zan buɗe baki gaban ƙanena in goyi bayan ɗan fari a kan ɗanshi? A ce ni Kulsumu ba ni da kara? Na ja mayafi na ce, "A yi yadda Sha'aibu ya ce."

Sufyanu ya miƙe. Ya kakkaɓe wandonshi, ya ce a sauka lafiya, ya hau babur.

Ka tafi Gusau da kuɗin, ka dawo da injin feshi da ɗan janaretan da zai tada shi. Ko ƙusa ba ta saura ba. Ka ce ƙafafun ƙarfe ai abin banza ne, in an samu sarari kwa haɗa da kanku.

Sai ga a-kori-kurar wani mutumin Katuru, shekara shida tana kwance. Aka ce sai an ɗaga ta sama sosai kafin a sauke giyabos, rim da dutse ba za su kai ba. Ka zo gidana da hantsi, kai kaɗai, ka ga tsohon turmina kife bayan rumbu.

"Gwaggo, ara mana wanga."

Na ce, "Wannan ya tsage tun daga baki har gindi, shi ya sa na daina daka a ciki. Ba ka ji yadda yake amsa taɓarya ba? Kamar mai tari."

Ka ce, "Ba komai, kwana biyu ne, kife shi za mu yi."

Ka ji da kunnenka, Sha'aibu. Hantsi ne, ido na ganin ido, akuyata na nan ɗaure, ka ma tsaya ka sha ruwa a randa. Ka ɗaure turmin bayan babur ka tafi.

Ranar Juma'ar da ta biyo Sufyanu ya zo gaishe ni. Ya durƙusa bakin ƙofa kamar kullum, na amsa daga ciki kamar kullum. Maganar turmin ta zo mini har maƙogwaro. Na ce a raina ai shi ya tashi da turmin nan, shi ya taɓa ɗaure tsagar da waya, yana gani zai gane. Na bar shi ya tafi.

Ban san ka hana shi ganewa ba.

Adda, Bafulatanar nan mai kawo maku fura da nono kullum da azahar, ita ta gaya mini yadda ta kasance, kuma ba ta da dalilin yi maka ƙarya. Ta ce tun daga nesa take jin rurin injinka. Kana can gefen katanga ka ɗaure hanci da ƙyalle kana fesa ƙofar mota, ka ba a-kori-kurar baya. Da ta matso sai ta ji wani bugu daban a ƙarƙashin rurin. Ƙwan, ƙwan, ƙwan. A yi shiru. Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Ta ɗauka aiki ake yi. Ta sauke ƙwaryarta, ta dama furar, tana cewa, "Mai guduma, hito ka sha tun ba ta yi ɗumi ba." Bugun yana ta raguwa. Sai da ta duba da kyau ta ga motar ta karkace, ƙafafunshi kawai ke waje, takalmi ɗaya ya fita.

Da sufana yake buga ƙarfen, Sha'aibu. Kai yake kira. Taku goma tsakaninku. Adda ta ce sai da ta jefe ka da ludayi kafin ka juyo. Kafin a tara mutane a ɗaga motar da hannu, tunda jak ɗinku mai yoyo ya ƙi tashi, sufanar ta faɗi daga hannunshi.

Na yarda da ajali. Ko a kan gadona yake ranar, da ya tafi. Ban ja da Ubangiji ba. Da aka zo zaman makoki na karɓi gaisuwa, har taka. Amma ranar uku na ji ka da kunnena daga zaure kana ce wa makanikai, "Na sha gaya mashi ya riƙa duba tokara kafin ya shiga, amma kun san shi da gaggawa." Kowa ya ce Allah ya jiƙan shi. Maganar ta bi gari. Mubaraka 'yarshi ta dawo daga islamiyya ta tambayi uwarta wai da gaske ne babanta garaje ya kashe shi.

Mutumin da ya tsaya a bangona ya roƙi ƙafafun ƙarfe.

Bayan arba'in Karima ta ce mini, "Inna, ai ya gaya mini Sha'aibu ya sayo sabbin turame daga Zurmi, har ya gwada injin a kansu, ya fesa masu shuɗi suna ƙyalli." Na ce sabbi? Ta ce haka aka gaya mashi. Na aiki Adda ta duba bayan garejin. Ta samo ɓarin turmi ɗaya cikin juji, ta naɗo shi a zane ta kawo mini.

Shuɗi ne fes, santsi kamar tangaran. Amma na san nauyin turmina. Na san ƙonuwar da ke bakinshi tun shekarar da gobara ta ci mana danga. Na sa wuƙa na kankare gefen da ya rabe. Ƙarƙashin fentin na tarar da wannan farin abin da kuke cike ramin bodi da shi, fila kuke ce mashi. Ka cire wayar da ya ɗaure, ka cike tsagar da fila tun daga baki har gindi, ka goge, ka fesa. Aikinka mai kyau ne, ban taɓa cewa ba ka iya ba. Ko shi da ya yi wasa cikin turmin nan yana rarrafe bai gane shi ba.

Na san abin da ya sa. In ya ga turmina ba zai shiga ba, aikin zai tsaya, kuma za a ce ai ga shi, da ƙafafun ƙarfe aka saya. Ba ka so taubashinka ya ci ka a gardama ba. Shi ke nan dalilin.

Yanzu bari ka ji yadda nake kwana nake tashi. In la'asar ta yi matan unguwa suka fara daka, cikin turamen nan duka ina jin ɗaya mai tari. Na zaga gida gida ban same shi ba. Na daina daka, inji nake kai gerona. In ana kiran azahar sai in ji bugun nan a jikin ƙofar langa-langata, uku, a yi shiru, uku. Na buɗe ya fi a ƙirga, rana ce kawai da kaji. Karima ta ce zafi ke sa langa-langa ƙara. To, zafin ya iya ƙirga uku?

A-kori-kurar kuma ka gama ta, ka fesa mata shuɗin nan dai. Duk Laraba tana shigowa Ɗan Isa ɗaukar buhunan da za a kai kasuwar Shinkafi. Yara na bin ta suna yaba kyanta. Ni in ta tsaya bakin masallaci ba na iya duban sama, ƙarƙashinta idona ke zuwa, ina neman ƙafafu.

Zanen yana nan a bango. Bana da aka zo yaɓe na hana a taɓa wurin. Damina ta wanke na ƙasan, injin feshinka ya zama baƙin tabo. Huɗun nan na sama, da ke ƙarƙashin indararo inda ya kamata su fara gogewa, suna nan kamar jiya ya zana su. Da safe su nake fara gani. Ba sa ce mini komai, amma na san tambayar da suke yi: Inna, me ya sa kika ce a yi yadda Sha'aibu ya ce?

Ni na amsa nawa. Na faɗe shi gaban Karima, ga shi ta rubuta, kowa ya karanta. Saura kai.

Yari ya zo sau biyu yana cewa in rufa asirin zumunci. Rufa asirin nan ne ya sa na danne gaskiya ƙarƙashin dalbejiya, ba zan sake ba. An ce mini har yau da rim da dutse kake tokare motoci, kuma ka ɗauki wani magidanci mai 'ya'ya huɗu yana kwanciya inda ɗana ya kwanta.

Ba diyya nake nema ba. Injin ma riƙe abinka. Ranar Asabar bayan la'asar makanikan Kaura za su zauna a rumfar shugabansu Malam Nasidi, ya ce in zo. Zan zo da ɓarin turmin a kaina, Adda za ta zo, Mubaraka ma za ta zo ta zauna a gaba. Ka zo ka tsaya gaban mutanen da ka gaya wa ɗana mai gaggawa ne. Ka riƙe itacen nan da hannunka, ka kira sunanshi, Sufyanu, da ƙarfi yadda ni na kira. Sannan ka gaya masu wa ya ce a fara sayen ƙafafun ƙarfe, wa ya cike tsagar nan, kuma wa ya ce mashi turmin sabo ne.

In ba ka zo ba, garejin na san hanyarshi. Zan aje tabarmata bakin ƙofa, duk mai motar da ya shigo in nuna mashi. Ka amsa, Sha'aibu. Wa ya fesa wa turmina shuɗi?