Ba Mu Taɓa Isa Chanchaga Ba

A shekarar 1984 likita ya ce wa Andrawus, maƙwabcina a Limawa, jininsa ya hau, ya riƙa hawa keke duk Asabar da safe. Ya sa masa sharaɗi biyu: kada ya hau sai ya ɗumama jiki, kuma in ya taɓa tafiya ya tsaya ya huta. Andrawus ya same ni a shagona na gyaran rediyo ya ce in riƙa raka shi, kuma Chanchaga za mu nufa.

Na san abin da ke Chanchaga. Yayansa Irimiya ne. Shekara shida ba su gaisa ba saboda iyakar gonar doya, kuma laifin na Andrawus ne, shi ma ya sani. Irimiya ya yi ritaya, ƙarshen wata zai kwashe iyalinsa ya koma Kagara. Andrawus yana so ya ba shi haƙuri kafin ya tafi, amma ba ya so a ce takanas ya je. So yake a ga wucewa yake yi bisa umarnin likita, ƙishirwa ta kama shi daidai ƙofar gidan.

Kuskurenmu shi ne gayyatar Malam Maiwada. Shekara talatin ya yi a reluwe yana sallamar jiragen ƙasa, kuma da ya bar aiki ya taho gida da usur, da agogon aljihu, da jar tuta. Ya ce mutum da kan jirgi mai kwal duk ɗaya ne, ba a tashi sai tukunya ta yi zafi. Ya tsara mana minti goma na miƙa, da tsugunno, da kwanciya rigingine ana tuƙa iska da ƙafa. Sai a hau, a yi minti biyar, a huta.

Asabar ta farko mun kai Tunga. A nan Malam Maiwada ya gano wani abu: wanda ya huta ya huce, wanda ya huce kuwa ba zai hau ba sai ya sake ɗumama jiki. Andrawus ya ƙara da cewa ɗumama jikin ma gajiya ce, kuma likita ya ce in an gaji a huta. Malam Maiwada ya duba maganar, bai sami inda ta karye ba. Asabar ta biyu da ta uku a gindin wani mangwaro na bakin titi muka ƙare, kekuna a jingine, muna ɗumama jiki muna hutawa har rana ta yi zafi, muka turo su gida.

Abin ya dame ni. Nakan buɗe rediyon mutane in manta abin da nake nema a ciki. Wanda yake fitowa duk mako da niyyar neman gafara amma bai taɓa isa ba, ya fi wanda bai fito ba? Ko ya fi shi laifi, tunda ya sami sanyin zuciya irin na mai niyya, yana kwance a inuwa? Ni kuma da nake gani ina shiru, ina cin ƙosan da ake kawowa, a wane sahu nake? Na tuntuɓi Malam Maiwada a gefe. Ya ce shi bai san Irimiya ba, agogo ya sani.

Asabar ta ƙarshe muna kwance rigingine mu biyu, ƙafafu a sama, sai ga wata roka, babbar motar kaya, ta taho daga wajen Chanchaga, ɗauke da gadaje da turmi da awaki. Ta wuce mu, ta ja birki. Irimiya ya diro daga gaba da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya ga ƙanensa a ƙasa yana shure-shure, ya ɗauka ajali ne. Ya durƙusa ya tallabo kansa yana tambayar mu tun yaushe abin ya kama shi.

Andrawus ya dube ni. Bai sauke ƙafa ba, don ba a busa usur ba.

"Yaya," ya ce yana haki, "dutsen iyakar nan ni na matsar da shi."

"Na sani. Na mayar da shi tun shekarar. Sauke ƙafar nan, don Allah."

"Saura minti biyu," in ji Malam Maiwada.

Irimiya ya dubi usur, ya dubi kekuna, ya gane. Ya saki kan, kan ya bugi ƙasa. Ya juya zai koma mota, amma Malam Maiwada ya riga ya tsaya gaban roka da jar tuta. Ya ce dattijon da ya yi irin wannan gudu ba tare da ya ɗumama jiki ba, ba zai sallame shi ba sai ya huta minti goma. Direba ya yi ta danna ham, ya gaji, ya sauko ya ɗauki ƙosai.

Irimiya ya zauna a saiwar mangwaro, ya ba ƙanensa baya. Can ya tambaya, ba tare da ya waiwaya ba, ko jinin ya hau sosai. Andrawus ya ce sosai. Irimiya ya ce gishiri ne, tun suna yara haka yake. Ya ce akwai inuwa a Kagara, in likita ya yarda a je a mota.

Har yau ban warware ko Andrawus ya je neman gafara ba ne, ko gafara ce ta kusa take shi a bakin titi. Malam Maiwada dai ya rubuta a littafinsa cewa roka ta tashi ƙarfe tara da minti goma sha biyu.