Motar da Ke Cin Rabin Hanya

Jiya bayan azahar barci ya kwashe Malam Ɗayyabu a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, ya yi wani mafarki.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da lissafi kafin ya yi ritaya, kuma ba darasin da yake ji da shi kamar na abin da ba ya ƙarewa. Yakan ce wa ɗalibai, duk lambar da ka kawo akwai wata a gabanta, duk tazarar da ka raba biyu za ta sake rabuwa. Idan suka tambaye shi ko akwai irin wannan a zahiri, abin da hannu zai taɓa, sai ya yi murmushi ya goge allo.

A mafarkin ya tsinci kansa a wata tasha. Motocin suna kwance a inuwa suna tuƙa kamar shanu. Fasinjoji ne ke kiran sunan garuruwa, garuruwan suna amsawa daga nesa. Ya buɗe baki ya ce, "Gidan Rimi!" Can ne ƙauyen yayarsa Tabawa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Wata takwas tana aiko masa cewa jikin ya matsa, yana cewa sai mako mai zuwa. Da damina Allah ya yi mata rasuwa, bai taka ƙauyen ba sai ranar sadakar uku. Amma a mafarkin bai tuna da wannan ba.

Wata mota ta miƙe ta karkaɗe jiki. Direbar zabuwa ce, da hular sanyi a kanta.

"Yaushe za mu isa?" in ji shi.

"Kullum rabin abin da ya rage muke ci, Malam. Ba mu taɓa tsayawa ba, ba mu taɓa isa ba."

Daɗi ya kama shi. "Ashe akwai shi a zahiri!" Har ya laluba aljihu ko zai sami alli.

Suka ci rabin hanya. A nan wata kuka ke sayar da inuwarta mudu-mudu, mutane sun yi layi da buhuna. Suka ci rabin abin da ya saura. A nan kogi ke zaune a kan gada, yana jiran mutane su wuce ta ƙarƙashinsa.

Sai ga ƙofar zauren gidan yayarsa. Yaya Tabawa na zaune a bakin dakali da ƙwaryar fura a gabanta, ta rame, amma ɗankwalin nan nata mai ruwan goro yana nan. Tsakaninsa da ita bai fi tsawon tabarma ba.

"Auta, ka taho?"

"Ina hanya, Yaya."

"Haka ka ce da ƙaramar Sallah."

Zabuwa ta canja giya. Tazarar ta koma kamu ɗaya, ta koma taƙi, ta koma faɗin yatsa. Ya zura hannu ta taga. Yana jin ɗumin hannunta, yana jin ƙanshin man kaɗanyar da take shafawa, amma fata ba ta taɓa fata ba.

"Direba, tsaya in sauka. Taku ɗaya ne."

"Ƙafa ma rabi take ci a nan."

"Ai wannan a kan allo ne kawai!" in ji shi. "A duniya hanya tana ƙarewa. Mutum yana ɗaga ƙafa ya sauke, ya isa."

Zabuwa ta juyo da ido ɗaya ta dube shi. "A garinku haka ne. Tafiyar sa'a ɗaya ce, kuma kullum akwai mota. Me ya hana ka bin waccan?"

A nan ne ya tuna damina, ya tuna sabuwar ƙasar kabarin da aka nuna masa a bayan gari.

"Kar ki matsa masa," in ji Yaya Tabawa. "Tun yana ƙarami haka yake, sai ya gama tunani yake tashi."

"Yaya, na ɗauka kwanakin suna da yawa."

"Naka ban sani ba. Nawa dai sun ƙare ranar Laraba da hantsi. Ban yi fushi ba, Auta. Furar ce dai na ajiye maka har ta yi tsami."

Ta ɗauki faifai ta rufe ƙwaryar, ta dafa gwiwa ta miƙe a hankali. Ya ce ta jira, saura kaɗan, saura abin da bai kai silin gashi ba. Ta gyaɗa kai kamar ta yarda, sannan ta shige zaure. Motar ta ci gaba da tafiya da dukkan ƙarfinta.

Sai injin ya fara wata ƙara, ƙar, ƙar, ƙar.

Ya buɗe ido. Inuwa ta kauce ta bar shi a rana, hannunsa na dama a miƙe a kan ƙasa. Daga cikin gida matarsa ce ke kankare ƙanzo a gindin tukunya.