Ban-ruwan Gidan Baba

Midhat ya cusa tiyo cikin ramin da ya haƙa a gindin bango, ya murɗa famfo. Tun da hukuma ta ce gidan mahaifinsu na cikin gidajen tarihin Iskandariya, ba dama a rushe shi, masu gina benaye kuma ba sa sayen abin da ba ya rusuwa. Sai maƙwabta suka ba shi dabara: ya yi ta ɗura wa harsashin ruwa har gidan ya gaji don kansa. Rabin unguwar haka suka yi, kuma kowa na shan shayinsa hankali kwance.

Yayarsa Nawal ta leƙo ta taga. "Manomi, yaushe za mu ci amfanin gonar?"

"Yaya, ƙyale ni. Masu son tarihi su zo su kwana a ciki mana! Yau injiniyan hukuma zai zo dubawa."

Ya shiga zaure don ya ga inda laima ta kai. Fentin ya kumbura ya zube, sai ga shatin tafukan hannu jere a bango, jininsu ya koma ƙasa-ƙasa. Ya matsa kusa. Duk Sallar layya mahaifinsu kan tsoma hannayensu a jinin rago ya manna a nan, maganin kambun baka. Can ƙasa, daidai gwiwarsa, ga wani ɗan mitsitsi. Na ƙaninsu Ra'uf ne, wanda teku ta tafi da shi, ba gawa, ba kabari, ko hoto babu. A makon ne mahaifiyarsu ta shafe bangon da fenti, don ta kasa kallonsa.

Nawal ta tsaya a bayansa, ta rufe baki da hannu. "Ashe yana nan," ta ce.

Midhat ya fita a guje ya kashe famfon. Kafin ya dawo, injiniya ya iso, yana ƙwanƙwasa bango.

"Barka, Alhaji. Gidan nan ba zai kai lokacin ruwan sama ba, sai rusawa."

"Injiniya, wannan ɗan wurin fa? Za a iya ciro min shi?"

Mutumin ya danna yatsa kusa da ɗan hannun. Yaɓen ya burme kamar jiƙaƙƙen gari, ƙaramin yatsan shatin Ra'uf ya bi shi ƙasa.

"Ina! Ai ya sha ruwa har ciki."